Shawara Ga Sabon Mawallafi Ranar Da Zai Fara Sa Hannu A Littafinsa

Tun da labari ya bazu cikin kwalejin nan cewa na buga ɗan littafi, waɗansu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai su kan tare ni a bakin laburare ko a hanyar ɗakin cin abinci, su ce su ma suna da rubutu ajiye cikin akwati, ƙaƙa a ke yi? Yawancinsu tambayarsu ɗaya ce, watau nawa ne kuɗin bugu. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke biyo baya in an gama bugun, ni kuwa a wurina nan ne wahalar ta soma. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da na koya game da rana guda, ranar da mawallafi zai fara zama gaban jama'a da littafinsa da alƙalaminsa, yana jiran masu saye su zo ya sa musu hannu. Ban yi wannan rubutu domin na ƙware ba. Na yi shi ne domin na taɓa faɗawa ramin, na kuwa san inda ya ke.

Mene Ne Sa Hannu A Littafi?

Da fari sai mu rarrabe abu biyu da mutane su kan haɗa. Akwai ƙaddamar da littafi, wanda mu ka fi sabawa da shi a Nijeriya. A kan kama babban ɗakin taro, a gayyaci manya, a naɗa shugaban taro da babban mai ƙaddamarwa, wannan ya tashi ya ce ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi kaza, a yi ta tafi. Wannan biki ne na neman gudummawa, kuma wanda ba ya da manya a bayansa ba safai ya kan ci ribarsa ba. Sau da yawa ma alkawarin da aka yi cikin lasifika a nan ya kan kwana.

Sa hannu kuwa wani abu ne dabam. Mawallafi ya kan zauna a kantin littattafai ko a makaranta ko a wurin wani taro, littafinsa na gabansa bisa tebur, ana sayarwa a kan ainihin kuɗinsa. Duk wanda ya saya sai ya miƙo, su gaisa, mawallafin ya rubuta masa sunansa da 'yar gaisuwa, ya sa hannu. Ba shugaban taro, ba babban baƙo. Al'adar ta daɗe a Ingila da Amurka, yanzu kuma ta kama ƙasa a nan, musamman wurin bukukuwan littattafai irin na Ake da aka soma a Abekuta a 2013, da na Kaduna da aka soma a 2017, inda marubuta su kan zauna bayan sun gama magana su sa wa jama'a hannu.

Wani zai ce, shin magabatanmu sun yi haka? Ba su bukaci yi ba. Littattafan da su ka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, hukuma ce ta buga su, ta kuma kai su makarantu. Amma tun daga shekarun 1980, sa'ad da marubutan Kano su ka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa 'yan kasuwa, ɗawainiyar sayarwa ta koma wuyan mai rubutu. Ɗalibi irina da ya buga nasa da kansa, shi ne mawallafi, shi ne ɗan dako, shi ne kuma dillali.

Abin Da Ya Same Ni

Littafina ƙarami ne, shafi 48, tatsuniyoyi ne da na ji a bakin kakata, na rubuta su da Hausa mai sauƙi domin 'yan aji uku na firamare. Kawuna ne ya ranta mini kuɗin bugu daga abin da ya samu na dankalin Turawa, aka buga mini kwafi 300, na sa kuɗinsa Naira 1,500. A watan Agusta na 2024 wani mai kantin littattafai a Jos ya yarda in zauna a kantinsa ran Asabar daga ƙarfe biyu zuwa ƙarfe biyar.

Na sanar a WhatsApp, mutum 60 su ka ce za su zo. Na gaskata su duka. Na cika kwali da kwafi 100, na ɗora bisa keke, na sa rigata ta zuwa biki. Wajen ƙarfe biyu da rabi hadari ya haɗo, wanda kuwa ya san Jos cikin Agusta ya san sauran labarin. Mutum bakwai su ka zo, huɗu daga cikinsu 'yan ajinmu ne da su ka riga su ka karanta littafin tun yana rubutun hannu. Na sayar da biyar, na ba da uku kyauta domin kunya, na kuma ɓata ɗaya.

Ga yadda na ɓata shi. Wata tsohuwa ta shigo fakewa ruwa, ta ɗauki littafin ta jujjuya, ta ce, "Ɗana, kai ka rubuta wannan?" Na ce, "Ni ne, Mama." Ta ce in rubuta wa jikarta. Ruwa na dukan kwano, ban ji sosai ba, ina kuma jin nauyin in sake tambaya, sai na rubuta Talatu da manyan harufa. Ta duba ta ce, "A'a, Saratu na ce." Tilas na ɗauko wani. Wancan kwafi yana nan cikin akwatina, har yau ina neman wata Talatu da za ta saye shi.

Da magariba na koma da kwalina kusan yadda na zo da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin abin da zan faɗa wa kawu.

Ba Ni Kaɗai Ba Ne

Daga baya na sami labarin da ya sanyaya mini zuciya. A watan Disamba na 2022 wata sabuwar marubuciya a jihar Ohayo ta Amurka, Chelsea Banning, ta shirya zaman sa hannu na littafinta na fari. Mutum 37 su ka ce za su zo, biyu su ka zo. Ta rubuta baƙin cikinta a Twitter, sai ga manyan marubutan duniya suna ba ta amsa, kowa na ba da labarin irin tasa ranar. Cikinsu har da Stephen King da Margaret Atwood. Ita Atwood, mutuniyar Kanada, wadda ta ci kyautar Booker sau biyu, a 2000 da 2019, ta ce ta taɓa zaman da ba wanda ya zo sai wani mutum mai neman salatif, shi ma ya zaci ma'aikaciyar kanti ce. Ta kuma sha ba da labarin zamanta na fari bayan fitar littafinta na 1969, a wani babban kanti a birnin Edmonton, inda aka ajiye mata tebur a sashen da a ke sayar da safa da kamfai na maza.

To, in haka ta sami waɗannan, ashe ƙarancin jama'a a ranar fari ba shaida ba ce a kan littafi. Amma wannan ba dalili ba ne mutum ya tafi ba shiri. Da na zauna na duba, sai na ga ruwan sama kaɗai ne ba laifina ba. Sauran duka abubuwa ne da na iya gyarawa tun da wuri. Mu da a ke koya mana aikin malanta mun san ba a shiga aji sai da shirin darasi. Wannan ma haka ne, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin Da Za Ka Yi Kafin Ranar

Na ɗaya, wuri. Kada ka tambayi kanka ina ne ya fi daraja. Tambayi kanka ina masu karatun littafinka su ke taruwa da ma. Nawa na yara ne, masu saya musu kuwa iyaye ne da malamai, amma na je na zauna a kantin da yawancin masu shigarsa ɗaliban jami'a ne. Tara mutane aiki ne mai wuya, ya fi ƙarfin sabon mawallafi. Ya fi sauƙi ka bi su inda su ka riga su ka taru: ranar taron iyaye da malamai, ranar ba da kyaututtuka, taron ƙungiyar garinku, ko taron reshen ƙungiyar marubuta ta ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981. Ɗaki kuma gwamma ƙarami. Mutum goma cikin ƙaramin ɗaki taro ne, amma cikin babban zaure sai su zama kamar an watse.

Na biyu, rana da lokaci. Ka dubi damina, ka dubi ranar kasuwa, ka dubi lokacin jarrabawa. Kada ka sa Jumma'a da tsakar rana ko Lahadi da safe, domin rabin mutanenka suna wurin ibada. Farkon wata, bayan an biya albashi, ya fi tsakiyar wata. Kada kuma ka ja lokaci. Awa ɗaya da rabi ko biyu sun isa. Awa uku da na yanka wa kaina, ta ƙarshen ji na yi kamar kwana.

Na uku, gayya. Sanarwar da aka watsa wa kowa, ba wanda ya kan ɗauka tasa ce. Mutum ya kan danna alamar yarda yana kwance bisa gado, kafin gari ya waye ya manta. Zumunta a ƙafa ta ke. Ka rubuta sunan mutum 20 ko 30 waɗanda ka san suna ƙaunarka, ka je wurin kowa ko ka kira shi, ka faɗa masa rana da wuri da kuɗin littafin, domin kada ya zo hannu wofi ya ji kunya. Ana gobe ka sake tuna masa. Sa'an nan cikin zuciyarka ka raba yawan masu alkawari gida uku, ka sa rai da kashi ɗaya. In sun fi haka, riba ce.

Na huɗu, mai wuri. In a kanti za ka zauna, ku daidaita tun da wuri a kan abu uku: nawa zai ɗauka cikin kowane kwafi, wa zai karɓi kuɗi, yaushe kuma za a ba ka naka. Ku ƙirga littattafan tare sa'ad da ka kawo, ku rubuta, kowa ya riƙe takarda. Ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne. Ka kuma san yaran kantin da sunayensu, ka gaya musu abin da littafin ya ƙunsa, gama kai awa biyu za ka yi, su kuwa kullum suna nan. Wata marubuciyar Amurka, Jacqueline Susann, wadda littafinta na 1966 ya yi kasuwa ƙwarai, an san ta da wannan dabara. Ta kan bi kantuna ɗaya ɗaya, ta riƙe sunayen masu sayarwa, ta sa musu hannu a nasu kwafin. Bayan ta tafi su ne su ke yi mata talla.

Na biyar, kayan aiki. Ka zo da alƙalami uku, ka kuma gwada su tukuna a bayan wani kwafi, domin takardar da a ke buga yawancin littattafanmu ba ta da kauri, tawada mai ruwa ta kan huda ta fita ta baya. Biro mai kyau, baƙi ko shuɗi, ya wadatar. Ka zo da canji, da lambar asusunka a rubuce da manyan lambobi domin masu turo kuɗi ta waya. Ka zo da zane mai tsabta na rufe tebur, da leda domin ruwa, da 'yan guntayen takardu, da ɗan littafin rubutu. Amfanin waɗannan biyu na ƙarshe zai zo nan gaba. Kada ka jibge littattafai duka bisa tebur. Goma ko goma sha biyar sun isa, ɗaya a tsaye yadda za a ga bangonsa daga nesa, saura suna ƙarƙashi cikin kwali.

Na shida, mataimaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka sami aboki ko ƙane wanda zai riƙe kuɗi da lissafi. Ba ya kyautu hannun da ke rubuta wa mutum gaisuwa ya zama shi ne ke laluben canji cikin aljihu.

Na bakwai, kyauta. Wannan ita ce ta fi wuya a ƙasarmu. Dangi da abokai da yawa suna ganin tun da kai ka rubuta, ai kyauta ka samu. Ka yanke tun a gida kwafi nawa za ka bayar, ka kai wa iyaye da malamanka da wanda ya taimake ka har gida kafin ranar, cikin ladabi. Ka tuna kuma da kwafi uku da dokar 1970 ta ce mai buga littafi ya kai wa Laburaren Ƙasa. In ka gama wannan, a bisa tebur ba kyauta. In ka ba ɗaya a gaban jama'a, na bayansa zai ji an raina shi in aka karɓi kuɗinsa. Wanda ya matsa, sai ka yi murmushi ka nuna masa mataimakinka, ka ce lissafi yana hannunsa.

Ranar Kanta

Ka riga kowa zuwa da kamar rabin awa. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: a ranar nan kai ne mai masauki, duk wanda ya tsaya gabanka baƙonka ne, ko ya saya ko bai saya ba. Ni na zauna bayan tebur na sunkuyar da kai ina duban waya, kamar mai jiran a kira shi gaban alƙali. Wa zai kusanci irin wannan? Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. In ba layi, ka tashi tsaye, ka ajiye waya cikin aljihu, ka gai da mai wucewa. Kada ka bi shi da talla kamar ɗan kamasho a tasha. Ka miƙa masa littafin ya riƙe da hannunsa, ka bar shi ya buɗe.

Za a tambaye ka, "A kan me ya ke magana?" Ka shirya amsa tun a gida, wadda ba ta wuce numfashi biyu ba. Ran nan da aka yi mini wannan tambaya, sai na soma daga tarihin kakata da ƙauyenmu, kafin in iso ga littafin mutumin ya duba agogo. Yanzu ga abin da na kan ce: "Tatsuniyoyi goma ne na gargajiya, da Hausa mai sauƙi, domin yaro ɗan shekara takwas ya karanta da kansa." Wanda ke da irin wannan yaro a gida ya riga ya gane ko yana bukata.

In mutane sun kai goma, ka karanta musu kaɗan. Murya tana sayar da littafi fiye da bango. Charles Dickens na Ingila, da ya soma karanta littattafansa gaban jama'a don kuɗi a 1858, har Amurka ya kai wannan sana'a a 1867, mutane suna kwana a layi domin tikiti. Kai ba Dickens ba ne, saboda haka minti biyar ya isa. Ka zaɓi wuri mai daɗi, ka gwada karanta shi da ƙarfi a ɗaki sau uku, ka kuma tsaya daidai inda mai ji zai so ya san abin da ya biyo. Yadda mu ke ɗaga murya domin na bayan aji ya ji, haka za ka yi.

Yanzu sai sa hannun kansa. Wurin da aka saba shi ne shafin ciki mai ɗauke da sunan littafi da na mawallafi, ba bayan bango ba. Kafin alƙalami ya taɓa takarda ka tambaya, "Wa za a rubuta wa?" domin sau da yawa mai saye ba kansa ya saya wa ba. Sa'an nan ka miƙa masa guntuwar takarda ya rubuta sunan da hannunsa, ko mataimakinka ya bi layi yana yin haka. Kada ka ce ai sunan sananne ne. Akwai Muhammadu da Muhammad da Mohammed, akwai A'ishatu da Aisha, akwai Rifkatu da Rebecca, kowa kuwa yana son nasa yadda ya saba. Balle a nan Filato, inda harsuna su ke da yawa, sunan da ka ji sau ɗaya cikin hayaniya ba ka iya rubuta shi daidai ba. Wannan takarda tana kuma ceton ka daga wata kunya, watau sa'ad da wanda ku ka yi firamare tare ya tsaya gabanka yana dariya, sunansa kuwa ya ɓace maka sarai. In babba ne, ka tambayi laƙabin da ya ke so a sa, ko Malam, ko Alhaji, ko Fasto, ko Hajiya, ko Dakta.

Abin da za ka rubuta ya zama gajere. Ka tanadi kalmomi iri biyu ko uku tun a gida, kamar "Ga Saratu, a sha karatu lafiya," ko "Da godiya mai yawa." Ka sa kwanan wata, domin bayan shekaru shi ne zai ba abin daraja a wurin mai shi. In wani ya ce ka rubuta abin da ranka bai kwanta da shi ba, ko zambo ga wani, ko maganar siyasa, ka ƙi cikin fara'a, gama abin da ka sa wa hannu ya zama maganarka.

Ga wani gargaɗi da malaminmu na Hausa ya yi mini, ina kuma roƙonka ka riƙe shi. Kada ka sa irin hannun da ka ke sawa a banki. Littafi yana yawo, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Ka koyi wani sa hannu dabam domin littafi, wanda a ke iya karanta sunanka a ciki, ka yi ta gwada shi har hannunka ya saba.

In Allah ya sa layi ya yi tsawo, ka ba kowa haƙƙinsa: ka dube shi a ido, ka gode masa, ka bar tawada ta bushe kafin ka rufe. Mai dogon labari kuwa, ko wanda ya zo da nasa rubutun yana so ka duba nan take, ka ce masa ya dakata ku gana in an tashi. Ɗan littafin rubutun nan da na ambata, ka ajiye shi a gefe domin wanda ya ga dama ya rubuta sunansa da lambar wayarsa. Kada ka tilasta wa kowa, kada kuma ka ba wani lambobin. Waɗannan su ne za ka fara gayyata ran da littafi na biyu ya fito.

In Ba Wanda Ya Zo Fa?

Yana yiwuwa ka yi dukan abin da na faɗa, ɗaki kuma ya zauna wofi. To, kada ka tattara kaya kafin lokacin da ka sanar ya cika, domin wani yana hanya. Kada ka yi fushi da waɗanda ba su zo ba, kada kuma ka bi su da gori a waya. Kowa da abin da ya tsare shi. Mutum biyun da su ka zo, ka juya kujera ka zauna da su ku yi hira sosai, kada ka riƙa leƙen ƙofa bisa kafaɗarsu. Sun bar aikinsu domin kai, bai kamata su biya bashin waɗanda su ka ƙi zuwa ba. Kafin ka tafi ka tambayi mai kanti ko zai riƙe kwafi biyar ko goma masu sa hannunka, ku rubuta a takarda.

Bayan An Tashi

Ku yi lissafi nan take, kai da mataimakinka da mai wuri, littattafan da su ka rage da kuɗin da ya shigo. Ka taimaka a mai da tebur da kujeru inda su ke. Washegari ka aika da godiya ga mai wurin da duk wanda ya zo. Sa'an nan ka zauna ka rubuta wa kanka abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci, kamar yadda mu ke yi a ƙarshen shirin darasi bayan an fita aji.

Ni dai da na je wurin kawu na faɗa masa gaskiya, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka a kan sayar da dankali duka a kasuwa ɗaya?" A watan Nuwamba na 2024 na roƙi hedimastan makarantar da na yi gwajin koyarwa ya ba ni minti goma a ƙarshen taron iyaye da malamai. Na zo da kwafi 40 kaɗai, da ƙanena mai riƙe kuɗi, da guntayen takardu. Na sa wata yarinya 'yar aji uku ta karanta rabin tatsuniya ɗaya gaban iyaye, ta tsaya inda gizo ya shiga uku. Aka sayi 34, ban kuwa ɓata ko ɗaya ba.

Amma abin da ya fi wannan daɗi a wurina shi ne, ana cikin layi sai ga tsohuwar nan ta ranar ruwa. Ashe wata jikarta tana makarantar. Ta ce, "Ɗana, Saratu ta karance shi har ta haddace, ƙannenta suna faɗa a kansa. Ba ni biyu." Wannan karo na miƙa mata takarda, ta yi dariya ta ce ba ta iya boko ba, sai ta faɗi sunayen a hankali, ni kuma na maimaita mata kafin in rubuta. Mutum ɗaya ce cikin bakwai ɗin da na raina, ita ce kuwa ta dawo.

Har yanzu ban gama biyan kawu ba, akwai kuma sauran kwali a ƙarƙashin gadona a ɗakin kwana. Duk wanda ke da rubutu cikin akwati, namiji ko mace, ina ba shi ƙarfin zuciya ya fito da shi, in ranarsa ta zo kuma ya neme ni, zan riƙe masa canji. In kuwa akwai wata Talatu cikin kwalejin nan, ta zo mu daidaita, zan rage mata kuɗi. Allah ya ba mu sa'a, amin.